Saniyar da na rasa wanda zan mayar wa

Shekarun baya can, a shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, na taɓa samun kaina riƙe da igiyar saniyar da ba tawa ba, na kuma rasa wanda zan miƙa wa. Na daɗe ina son in ba ku labarin nan. Abin da ke hana ni shi ne duk wanda na fara ba wa sai ya tare ni a tsakiya yana neman jin ra'ayina. Ku dai ku yi haƙuri ku bar ni in kai ƙarshe.

Ina da aboki tun muna makarantar kwana. Ni Bagobiri ne, ɗan manoma daga wani ƙauye kusa da Sabon Birni, shi kuma Bafulatani daga wata ruga ta wajen Tozai. Shigarsa boko ma ba gata aka yi masa ba. Lokacin da hukuma ta ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya, baffansa ya duba ya ga maraya ne ba mai tsaya masa, sai ya miƙa shi. A makaranta shi ke yi min lissafi, ni kuma ina yi masa faɗa, domin Allah ya ba ni jiki bai haɗa min da kai ba. Da muka gama ni na zama malamin firamare mai taɓa noma, shi kuma ya samu tallafin karatu zuwa wata ƙasar Turai. Can ya yi aikin asibiti, ya shiga ƙungiyar ma'aikata, bakinsa ya sa suka riƙa tura shi gaba, har muka ji an zaɓe shi kansila a garin da yake zaune.

Yana kansilan ne ya zo gida ganin mahaifiyarsa, ya biyo ta wurina ya same ni da sabon iyali, ba ko akuya a gidan. Ana gobe zai koma sai ga shi ya jawo wata farar karsana daga cikin shanun da ya gada, ya ɗaure ta a turken da ya kafa da hannunsa a tsakar gidana. Fulani suna kiran wannan habbanaye. Mutum ya ba amininsa aron karsana, ta haihu sau uku a hannunsa, 'ya'yan duk nasa ne, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. A wurinsu abin ya wuce kyauta. Saniyar habbanaye ita ake fara ba abinci kafin naka, ba a dukanta, ba a sayar da ita ko yunwa za ta kashe ka.

"Bagobiri," in ji shi, "ta haihu ukku, ɗiyan naka na. Amma don Allah ka bar matarka ta yi tatsa, kai na san ka, sai ka karya mata ƙahwa."

Gaskiyarsa kuwa, ranar farko da na gwada tatsa ta watsar da ni da ƙwaryar gaba ɗaya.

Bayan wasu shekaru wani gidan rediyo na ƙasar waje ya ba da labari a sashen Hausa cewa wani ɗan asalin ƙasar Gobir ya ci zaɓen majalisar dokoki ta ƙasa a can. Ranar ban zauna ba. Mutane suka riƙa zuwa yi min barka kamar ni aka zaɓa. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba na wayi gari masanin siyasar Turai, ana tambayata yaushe zai turo rijiyar burtsatse, ina amsawa da cewa ana kan shiri. Baffansa kuwa ya zo kasuwar Bafarawa da sabon rawani, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi tun yaron yana ƙarami ya hango abin da zai zama, shi ya sa ya zaɓe shi ya kai boko.

Ba a daɗe ba gidan rediyon ya yi hira da abokina kansa. Da safe ne, muna teburin mai shayi, an ƙure murya don kowa ya ji ɗan gida. Ya yi magana kan asibitoci da haƙƙin baƙi, Hausarsa tana nan yadda ya tafi da ita, muna ta gyaɗa kai. Can sai ɗan jaridar ya tambaye shi iyali.

"Ba ni da mata," ya ce. "Akwai wanda muke zamne tare shekara da shekaru, namiji na. Waɗanda sunka zaɓe ni sun san haka tun ba su jehwa ƙuri'a ba. Ban ga abin da za ya sa in ɓoye ma mutanen gida ba."

Mai shayi ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma ina riƙe da burodin da na tsoma a shayi har ya narke ya faɗa ciki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kaina ya ɗaure, irin ɗaurewar da ban taɓa ji ba. Na san abin da aka karantar da ni tun ina yaro, ban kuma bar shi ba. Amma shi ma mutumin na san shi, na san shi fiye da wasu 'yan'uwana na jini. Na zauna na bi shekarunmu na makaranta ɗaya bayan ɗaya ina neman wata alama da ta wuce ni, ban samu komai ba sai yaro mai son karatu da tsoron kunama. Wata rana in tashi ina jin haushinsa, in ce me ya kai shi faɗa da Hausa, da ya bar abinsa cikin yaren mutanen can wa zai ji. Wata rana kuma in tuna bai taɓa yi min ƙarya ba ko sau ɗaya, sai in rasa haushin me nake ji.

A daminar da ta biyo baya ruwa ya sauka sau kaɗan ya ɗauke. Muka yi shuka ta mutu, muka sake, ta tsiro ta tsaya. Tafkuna suka bushe tun kafin kaka, makiyaya suka fara kora shanu kudu, waɗanda suka rage ana sayar da su a kasuwa kamar kaji. A cikin wannan halin ne saniyar ta haifi ɗanta na uku. Lokacin mayar da ita ya yi ke nan da zarar an yaye maraƙin, ga shi baffan ya riga ya tara mutanen rugarsu ya ce yaron nan ba nasu ba ne, ko allurarsa kada ta sake shiga rugar.

A ƙauyenmu kuma maganar ta dawo kaina. Ba wanda ya fito fili ya zarge ni da wani abu, amma in na iso majalisa sai hira ta canza, wani ya ce, "Malam, ina labarin abokin naka?" yana kallon gefe. An tuna ɗaki ɗaya muka kwana shekaru a makaranta. An tuna duk cikin abokansa ni kaɗai ya ba saniya. Ranar da muka fito roƙon ruwa wani dattijo da nake girmamawa ya ja ni gefe.

"Ɗana, ka raba kanka da dabbar ga. Ka sai da ta ko ka yanka ka yi sadaka. Mutane na magana, kuma ka ga halin da garin ga ya shiga."

Na ce masa to. Na dawo gida na tsaya ina kallon saniyar tana kallona, na kasa gane ta yadda aka yi ta hana ruwa sauka daga nan har cikin Nijar.

Ciyar da ita kuwa ya zama aiki. Harawa ta ƙare, dusa ta fi ƙarfina, na koma bin gindin gawo ina tsintar 'ya'yansa tare da masu akuyoyi. Daga baya na fara zare tsohuwar ciyawar jinkar rumbu ina ba ta. Ita nake fara ba wa, yadda al'adar ta ce, abin da ya rage in ba 'ya'yanta da suke nawa. Na tsakiyan bai kai ba, wata safiya muka same shi a kwance ya mutu. Maiɗakina ta daɗe tsaye a kansa, domin ita ta raine shi.

"Malam, kai ba Bahillace ba," ta ce. "Su masu al'adar sun ce ba su so. Kai mi an naka ciki?"

Na dai san ranar da aka kafa turken nan ba ni da komai, kuma 'ya'yana da nonon saniyar nan suka yi wayo.

A ƙarshe na hau babur na je wani tudu wajen iyaka inda layin wayar Nijar ke kamawa, na kira abokina. Tun ranar hirar ban neme shi ba, shi ma bai neme ni ba. Na gaishe shi, na tambayi sanyi, na tambayi aiki, na sake tambayar sanyi. Ya bar ni na gama zagaye-zagayena.

"Ka ji ke nan," ya ce.

"Na ji."

"To?"

"To saniyarka ta cika ukku."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya gaya min duk abin da ya aika wa mahaifiyarsa tun daga lokacin baffa yana mayar da shi, bai ma sani ba ko tana jin labarin an aiko. Ya ce shanunsu an kora kudu, an bar tsofaffi ba mai ba da nono. "Ka kai ma Inna ita. Habbanaye ta, ba Bahillacen da ka kore ta in ta dawo gida. Ko baffa ba shi iyawa."

Na kama hanya da ita a hankali, muna tafiya muna hutawa, har muka isa rugar da hantsi. Baffan yana zaune a inuwar wata aduwa. Da ya hango farar saniyar ya gane ta, ya miƙe tsaye. Na yi sallama ya amsa, muka gaisa yadda ya kamata, na ce na kawo habbanaye gida. Sai na ga dattijon nan ya shiga irin halin da nake ciki. Ya dubi saniyar, ya dubi mutanen da suka fara taruwa. In ya karɓa ya karya maganarsa, in ya kore ta ya yi abin da ba a taɓa ji ba a zuriyarsu, har jikokinsa za a riƙa yi wa gori.

Muna nan tsaye mahaifiyar abokina ta fito daga bukkarta. Tsohuwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Abokina shi ne ɗanta na fari, kuma a Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Saboda haka tun da abin ya faru ba wanda ya san abin da ke ranta, domin shirun da take yi yanzu shi ne wanda take yi tun ran da ta haife shi. Ta zagaya saniyar, ta shafa haƙarƙarinta da suka fito, ta duba haƙoranta. Na miƙa mata igiyar. Ba ta karɓa ba.

"Wa ya ɗaure ta gidanka?" ta tambaye ni.

Na ce ai ta sani.

"To wanda ya ɗaura shi ka kwancewa. Ba ni amsar ta hannunka. Ka hwaɗa ma mai ita shi taho shi amshi abinai."

Ta juya ta koma bukka. Baffan ya zauna kamar an sauke masa kaya, ya ce in sha ruwa kafin in koma.

Na jawo saniyar muka juyo, ni da ita duk a gajiye. A hanya na riƙa juya maganar. Da farko na ɗauka kora ce, ta ƙi kayansa kamar yadda baffa ya ƙi. Sai da na yi nisa na tuna a gaban wa ta faɗe ta: a gaban mutumin da ya ce ɗanta kada ya sake taka rugar, ta ce ya zo. Amma ko a nan ban samu natsuwa ba, domin na san zuwan nasa ba ƙaramin haɗari ba ne bayan abin da duniya ta ji daga bakinsa. Na kwana biyu ina shawarar ko in ce masa kawai ta karɓa, kowa ya huta. Na kasa, na koma tudun na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce min tun da aka fara jin labarin yunwar yake ta faɗa a majalisarsu kan a aiko da abinci, kuma an sa shi cikin 'yan majalisar da za su zo Nijar su ga yadda ake rabawa. Ya ce zai nemi rabin yini ya zo wani ƙauye da ke tsallaken iyaka, in har za ta yarda ta zo.

Na aika mata ta bakin wata mai tallan nono. Amsar da ta dawo ita ce tana da ƙanwa da ke aure a wannan ƙauyen, ta kuma daɗe ba ta gan ta ba. Lokacin hanya lafiya lau take, ba irin yanzu ba. Ranar kasuwar garin na samu wata akori-kura ta 'yan tireda, tsohuwa ta zauna gaba, ni da saniya muka hau baya. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ɗora min kai a cinya, na isa rigata ta sallah duk yawu.

A bayan gari muka same shi, ƙarƙashin wata tsamiya, shi kaɗai, direbansa ya tsaya can nesa. Ya yi furfura, ya yi ƙiba irin ta masu zaman ofis. Na yi ta tunanin abin da zan ji in na gan shi, ko zan iya ba shi hannu. Da na gan shi ban tuna da wannan tunanin ba, sai da muka saki juna na tuna.

Ya cire takalmi ya durƙusa nesa da ita kaɗan ya gaishe ta da Fulatanci. Ta amsa tana kallon wani wuri, yadda uwa ke yi wa ɗan fari. Gaisuwar ta yi tsawo, ya tambayi mutanen ruga ɗaya bayan ɗaya har da baffa, tana cewa lafiya. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai kawo wata magana ba. Ni ina gefe riƙe da igiya ina jira a yi kuka ko faɗa ko nasiha, wani abu dai da zai nuna min inda aka dosa, ba a yi ko ɗaya ba.

Can ya taso ya zo wurina. Na ce masa ga amanarsa, ta haihu uku, ɗaya ya mutu a farin nan, ya yafe min ramar da ta yi. Ya karɓi igiyar, ya yi min godiya irin wadda ake yi, ya je ya durƙusa ya miƙa wa mahaifiyarsa da hannu biyu. Ta sa hannu ta kama igiyar, ta haɗa da hannunsa ta riƙe. Fuskarta tana kallon gabas, ba ta dube shi ba, ba ta kuma sake shi ba. Mutumin da ke tsayawa gaban majalisar ƙasa yana magana ba gargada ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Na juya na tafi wajen direban na tambaye shi ko motar tana shan mai da yawa.

Da yamma tsohuwa ta koma rugarsu da saniyar. Ta gaya wa baffan tata ce, mai ita ya ba ta hannu da hannu. An ce bai tambaye ta inda suka haɗu ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Yau duk wannan ya wuce. An yi ruwa a shekarar da ta biyo, maganar mutane a kaina ta mutu da kanta da aka samu wata sabuwa. Abokina ya sake cin zaɓe, ya yi shekarunsa a majalisa, an ce ya yi dokoki kan asibitoci da kan mutane irinsa, wasu suna yabonsa wasu suna zaginsa, yanzu ya ajiye siyasa. Muna gaisawa a waya lokaci-lokaci. Yana tambayar iyalina da sunayensu, ni kuma in ce ya mutanen gida, ya ce lafiya lau, mu wuce. Na san gaisuwata ba ta cika ba, shi ma ya sani.

Masu son jin ra'ayina, ga shi: har yau ban warware ba. Ban bar abin da na yi imani da shi ba, ban kuma bar abokina ba, kuma na kasa samun malamin da zai zaunar min da biyun wuri ɗaya. Na taɓa zaton tsohuwar ta warware nata, shi ya sa bayan shekaru, da na ji ba ta da lafiya, na je gaishe ta da niyyar in tambaye ta. Na same ta kwance, ta gane ni, muka gaisa. Kafin in haɗa tambayar a bakina ta ce a fitar da yaran da ke ɗakin. Sannan ta yi ƙasa da murya, ta tambaye ni abin da ba ta taɓa tambayar kowa ba tun da ta haife shi.

"Can inda shike, in ya yi ciwo, akwai mai ba shi ruwa?"

Na ce akwai, Inna. Ta rufe ido ta ce to, alhamdu lillahi. Ban yi tambayata ba, kuma ba ta ƙara sati ba ta rasu.